Ba Hantar Goggo Ba Ce

Wannan babin na fi shekara ina kewaye shi. Na rubuta muku ƙuruciyata, na rubuta aurena, har firij ɗin farko da ya shigo layinmu sai da na ba shi shafi uku, duk don kada in iso nan. To, yau dai na iso. Abba, Binta, ku ajiye wayoyin nan naku ku karanta a tsanake, domin maganar goggonku Asabe ce, yayar mahaifinku, wadda shekara tara ke nan babu wanda ya taka ƙofar gidanta a Kuta a cikinku. Kun ce ita ta kashe muku uba da hantar layya. Ina zaune aka faɗa mata haka, ban buɗe baki ba. Ba ita ba ce.

Kun san dangin ubanku mahauta ne tun kaka da kakanni. Kakanku jirgin ƙasa ya biyo daga arewa, ya kafa teburinsa kusa da tasha yana sayar wa leburorin reluwe nama, har Allah ya hore masa ya gina gidan nan namu na Sabon Gari. Mahaifinku a cikin ƙamshin kitse ya buɗe ido. Karin kumallonsa ƙoda, da rana romon kayan ciki, in ya ga tuwo babu nama a kai sai ya tambaya ko rasuwa aka yi a gidan. Ni kuwa ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini ce, shekara talatin ina duba jinin mutanen garin nan, aikin kuma ya bar min wani hali: in ba lamba na gani a takarda ba, ban yarda da lafiyar mutum ba. Ranar da babban yatsan ƙafarsa ya kumbura ya yi jawur, har ya kai ko zanin gado ya taɓa shi sai ya yi ƙara, da hannuna na ɗebi jininsa. Na tarar yurik asid ɗinsa ya hau sama sosai. Wani abu ne mai kama da gishiri da jiki ke tarawa idan ya narkar da nama, musamman kayan ciki, in ya yi yawa sai ya daskare a gaɓoɓi ya riƙa suka kamar garin kwalba. Likita ya rubuta masa wata 'yar farar ƙwaya, ɗaya kowace safiya, ni kuma na zama soja a gidan. Na hana hanta, na hana ƙoda, na hana tsire, na hana kifin gwangwani. Shi ya sa min suna Sajan Kulu, in na shigo ɗaki ya miƙe ya sara min.

Abin da ya fi yi masa ciwo hantar layya. A gidansu, ranar Babbar Sallah maigida ba ya sa komai a bakinsa sai an sauko daga idi, ya yanka ragonsa da hannunsa, an gasa hantar, sannan babbar mace a dangi ta yanko ta sa masa a baki, ta ce Allah ya maimaita mana. Mahaifiyarsu ce ke yi, da ta rasu abin ya koma hannun Yaya Asabe. Shekara bakwai ina tare hannunta a kan wannan. Ita kuwa har na yi jika ba ta daina ce min Amarya ba. Takan ajiye wuƙar ta dube ni sama da ƙasa.

"Amarya, wai ni kam jininsa kika aura ko shi?"

Sai a yi dariya, shi kuma ya buɗe baki da gurasa yana harara ta. Lambar ta sauko, ta yi ta saukowa har ta fi ta yaron goye ƙasa, ƙafa ta warke, ni kuma ina ta hura hanci a cikin abokan aikina.

Daga nan sai hannunsa ya fara rawa. Yana zaune ba ya aikin komai, sai ku ga babban yatsansa da manuni suna murza juna kamar mai jan carbi. Tafiyarsa ta gajarce, ya koma jan ƙafa. In ya zo bakin ƙofa sai ya ƙame, ƙafa ɗaya ta ƙi ɗaguwa, ya tsaya nan har sai na zo na ƙirga masa ɗaya, biyu, uku. Abin da ya fi tayar min da hankali fuskarsa ce. Mutumin da dariyarsa ke kaiwa har bakin titi, fuskar ta tsaya cak, ba murmushi, ba ɗaure fuska, ido ma da ƙyar yake ƙiftawa. Ya zama ban san lokacin da yake jin daɗi ba, ban san lokacin da yake fushi da ni ba. Likita ya ce ciwon karkarwa ne, wanda suke kira Fakinsan, wani sashe ne na ƙwaƙwalwa ke mutuwa a hankali, magani yana sassauta shi amma ba ya tsayar da shi. A lokacin kai Abba kana koyarwa a jami'ar da ke Gidan Kwano, sai ƙarshen mako kake leƙo mu, ke kuma Binta kina ɗakinki a Kaduna. Daga ni sai shi a wannan ƙaton gidan.

A shekara ta uku da fara ciwon baƙin suka fara zuwa. Wata rana bayan la'asar, rana tana nan tarwai, ina tsince shinkafa a tsakar gida, shi yana kan kujerarsa, sai na ji muryarsa can ƙasa-ƙasa.

"Kulu, ba ki ba baƙi ruwa ba."

"Waɗanne baƙi, Malam?"

Ya ɗaga hannun nan mai rawa ya nuna dogon bencin da ke jikin katanga. Babu kowa a kai sai inuwar mangwaro. Ya ce mutum huɗu ne, da kakin leburorin reluwe irin na zamanin babansa, ba takalmi, sun ɗora hannuwa a gwiwa. Ɗaya yana da jar hula. Ba sa magana, ba sa motsi, kallonsa kawai suke yi. Ya ce ba ya jin tsoronsu, kunyar rashin tarbar da aka yi musu ce ta dame shi. Na san wannan yana cikin ciwon, likita ma ya faɗa min masu shi sukan ga abin da babu, wani lokaci maganin ne ma ke ƙara jawo shi. Na sani sarai. Duk da haka na tashi na ɗebo ruwa a kofi huɗu na jera a ƙasa, don a zauna lafiya. Kullum bayan la'asar suke zuwa, kafin magariba su tafi.

Maƙwabciyarmu Maman Grace, 'yar kudancin Kaduna da ke sayar da masa a ƙofar gidansu, ta shigo wata rana duba shi, ta nufi bencin za ta zauna.

"Maman Grace, za ki zauna a cinyar mutum," in ji shi.

Ta daskare a sunkuye, ta dube ni, ta dubi kofunan.

"Maman Abba, wannan abu ya wuce asibiti fa. Ko malam ko fasto, ki kira wani. Ni dai jikina bai so wurin nan ba."

Na yi mata dariya, na ce ciwo ne. Amma daga ranar duk shigowar da za ta yi sai ta kewaye bencin ta gefe. Ba a daɗe ba na kama kaina ni ma ina kewaye shi, in zan share wurin har sai na ce a gafarce ni.

Yanzu ga inda na ɓata. Mun je ganin likita, muka tarar da wani matashi mai son hira. Na miƙa masa littafin da nake rubuta sakamakon jinin mahaifinku, wata-wata, shekara da shekaru, ina jira ya yaba min. Ya duba ya yi murmushi.

"Hajiya, kin matse yurik asid ɗin nan da yawa. Kin san ba mugu ba ne gaba ɗaya. Yadda ƙarfe ke tsatsa, haka naman jiki ke cin kansa a hankali, shi kuma yana cikin manyan abubuwan da ke tare wannan tsatsar a cikin jini. An ma lura masu ciwon karkarwa da yawa nasu ƙasa yake. Amma fa ba a ce ɗaga shi magani ne ba. Ki bar masa ƙwayarsa yadda take."

Rabin farko na maganar ya shiga kunnena ya zauna. Rabin ƙarshe na bar shi a kan teburin likita. A keke napep muna komawa gida ba abin da nake gani sai wuƙaƙen mahaifinku, yadda yake shafe su da kitse kafin ya rataye, yana cewa wuƙar da aka bari a bushe ta mutu. Na ce a raina, shekara bakwai ke nan ina goge wa mutumin nan kitsen ƙwaƙwalwarsa, ina alfahari. Ni na jawo masa rawar hannu, ni na jawo masa baƙin nan. Ban gaya wa kowa ba, don wa zan gaya wa? Ni ce mai ilimin gidan, ni ake tambaya.

Washegari na ba shi wata farar ƙwayar bitamin mai kama da tasa. Ta gaskiyar na jefa a tsohon gwangwanin madara, na tura shi cikin buhun gawayi a ɗakin ajiya na bayan madafi. Haka na yi ta yi kowace safiya. Kayan ciki kuwa ban isa in saya a babbar kasuwa ba, duk mahautan wurin in ba ɗan'uwansa ba to yaron babansa ne, kafin in iso gida labari ya riga ni. Sai in sa hijabi in tafi can bayan gari wajen wani mahauci da bai san ni ba, in sayo ƙoda da hanta da tumbi. Litinin zuwa Alhamis romo, ranar Juma'a in wanke tukunya da toka, in dafa miyar kuka fara fat ba nama saboda zuwan Abba. Ranar farko da na ajiye masa kwanon, ya daɗe yana kallon romon, ya ɗago ya kalle ni da fuskar nan da ba ta faɗin komai. Bai tambaye ni ba. Ya shanye tas. Ni kuma duk wata in ɗebi jininsa, in ga lamba tana hawa, in ji sanyi a raina. Har na riƙa gaya wa kaina rawar hannun ta ragu. Ba ta ragu ba, so nake ta ragu.

Baƙin ne suka canza. A wata na uku ya ce sun bar bencin, yanzu a ƙofar madafi suke tsayawa, kuma ba shi suke kallo ba. Na ce to wa suke kallo? Ina tsugune ina hura wuta, bayana yana ba ni kamar mutum na tsaye a kaina, in waiga in ga hasken rana kawai a kan siminti. Wata la'asar ina miƙa masa ruwa sai ya riƙe kofin bai sha ba.

"Kulu, mai jar hular nan ya yi magana yau."

"Me ya ce?"

"Ya ce gwangwanin ya kusa cika."

Mahaifinku ya fi shekara bai tsallake dokin ƙofar madafi ba, balle ɗakin ajiya mai matakala biyu. Na yi ta ba kaina dalili: wataƙila ɗanɗanon ƙwayar ya bambanta a harshensa, wataƙila ya ji ƙarar murfi. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni ban tsaya ba, wuri kawai na canza wa gwangwanin, na tura shi bayan randa tun mahaifinku yana barcin hantsi. Kashegari da la'asar, ko kallona bai yi ba ya ce:

"Ya ce bayan randa akwai danshi, za su lalace."

Har yau ban san yadda zan fassara muku wannan ba, kuma na daina ƙoƙari. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, amma tsoron in zama ni na lalata masa ƙwaƙwalwa ya fi shi ƙarfi. Na ci gaba.

Ranar jajibirin Babbar Sallah Yaya Asabe ta iso daga Kuta da doya da manja a buhu. Ta gaisa da ƙanenta, ta shigo madafi tana neman abin da za ta jiƙa gero. Ta ɗauki tukunyar nan da na wanke da toka, ta kai hanci, ta ajiye a hankali.

"Amarya, ni 'yar mahauta ce. Tukunyar da ta saba da ƙoda, ko sau goma aka wanke ta ba ta ɓoye min. Tun yaushe?"

"Wata biyar, Yaya."

Na zauna a kan turmi na kwashe komai na gaya mata, har ƙwayoyin, ina kuka. Ba ta gane zancen tsatsa ba, ta dai gane ina neman ceto shi ne.

"Ke kika yi boko. In kin ce zai taimake shi, Allah ya sa haka. Ke nan gobe in ba shi hantarsa?"

Na ce ta ba shi. Kun ga abin da ya biyo baya da idonku, duk kuna nan. Abba ya kama masa hannu suka yanka ragon tare, aka gasa hanta, goggonku ta yanko ɗan guntu da bai wuce kan yatsa ba. Kafin ta kai bakinsa sai da ta dube ni, na sunkuyar da kai. Kai Abba ka daka mata tsawa ka ce Goggo, ba ya ci! Ta ce Allah ya maimaita mana. Hawaye na bin fuskarsa yana taunawa, fuskar ko motsi ba ta yi.

Kwana huɗu bayan Sallah yatsan ya tashi. Kafin mako idon sawu da gwiwoyi biyu sun kumbura, taɓa shi ma ba ya yiwuwa. Sannan fitsari ya tsaya, aka ce tsakuwa ta toshe ƙoda. A asibiti likita ya riƙe takardar jinin, ya tambaye ni a gaban Abba ko yana shan ƙwayarsa. Na ce yana sha. Ya ce ko ya ci wani abu da aka hana shi? Abba ya ce hanta, goggonku ta ba shi ranar Sallah. Likitan ya daɗe yana kallona. Shi ya sani, ni ma na sani, guntun hanta ɗaya ba ya kai jinin mutum inda wannan lambar ta kai. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Mai ciwon karkarwa kuwa tafiya ce ke riƙe da shi, in ya kwanta makonni jikin sai ya manta yadda ake tashi. Ƙodar ta ɗan saki, amma bai sake taka ƙasa ba. Haɗiya ta gagara, ƙirji ya cika. Muka dawo da shi gida. Ranar da zai cika, da hantsi ne, lokacin da baƙin ba su taɓa zuwa ba, ya juyo da idonsa wajen ƙofar ɗaki.

"Sun miƙe, Kulu. Miƙo min takalmina."

Na ɗauko na sa masa a ƙafa yana kwance. Ya yi kalmar shahada, Allah ya jiƙansa.

Ranar sadakar uku, tsakar gida cike da mata, kai Abba ka tsaya a kan goggonku ka ce shekara bakwai uwarmu tana tsare shi, ke kin zo rana ɗaya kin kashe shi da al'adarku ta jahilci. Ke Binta kika ce kada ta sake zuwa gidan nan. Ina zaune a kan tabarma cikin takaba, tazarar da ke tsakanina da ita ba ta fi taku uku ba. Ta dube ni sau ɗaya. Ta ɗaure ɗan ƙunshin kayanta ta fita, na bi ta har zaure na riƙe mata mayafi, na ce Yaya ki tsaya, zan koma in faɗa musu yanzu. Ta ɓamɓare hannuna.

"Ki faɗa musu me? Shekaranjiya suka binne uba, yau kuma ki sa su binne uwa da ranta? Ni goggo ce, Amarya, ana rayuwa babu goggo. Ki rantse min ba za ki faɗa ba."

Na rantse. Kada ku ɗauka don biyayya na yi, daɗi na ji da ta ba ni mafaka, na shige.

Bayan na fita takaba na koma wajen likitan nan matashi, na tambaye shi a kaikaice kamar zancen wani ne. Ya ce iyakar abin da aka sani, sauke yurik asid da magani ba shi ke kawo ciwon karkarwa ba, ɗaga shi kuma bai hana ciwon tafiya. Abin yana tsare jiki in yana daidai, yana cin jiki in ya wuce, kuma ba a madafi ake auna wannan ba. Ke nan laifin da na ɗora wa kaina tun farko ban yi shi ba. Wanda na yi don in gyara shi, shi ne laifin.

Ina zuwa Kuta a ɓoye duk shekara, in ce muku gidan biki na tafi. Idonta ya tafi yanzu, tana zaune a ƙofar ɗaki a gidan ɗan mijinta. Ta haddace sunayen 'ya'yanku duka bakwai a jere, waɗanda ba ta taɓa ɗauka ba, in na je sai ta sa ni in faɗa mata wanda ya yi kama da ƙanenta Sule. Zuwan da na yi na ƙarshe na ce mata zan rubuta. Ta ce in na yi ba ta yafe ba. Na zaɓi in yi kaffarar rantsuwa, in ɗauki fushinta, da in mutu in bar ta da naku.

Ku tafi tun tana da rai, ku tafi da yaran. Abin da za ku yi da ni kuma, ina nan a ɗakina, ku zo ku faɗa min duk abin da ke bakinku, na cancanta. Amma ku san halinta kafin ku isa. Da kun fara ba ta haƙuri za ta katse ku, ta ce uwarku tsufa ne ya taɓa mata kai, ita ce ta ba shi hanta kuma kowa ya gani. Za ta faɗa da ƙarfi, har ta rantse muku. Kada ku yarda da ita.